Baƙuwar ƙara a tsohon injin jirgin ruwa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin masu fito, masunta da 'yan kasuwar da suka sayi injin jirgin ruwa na hannu, ko kuma suka daɗe da nasu har ya fara sauya murya. Yawancin amsoshin sun shafi injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai a tanki guda, irin Yamaha Enduro mai doki 15, 25, 40 ko 75, domin shi ya cika tashoshin Kogin Neja da tafkin Kainji kamar Yawuri, Warra da Malale, haka nan a Binuwai da Tafkin Cadi. Injunan Suzuki da Tohatsu da na China masu irin wannan ƙira duk tafiyarsu ɗaya ce a wannan fage. Don sauƙin bayani, ɓangaren sama da ke cikin murfi an kira shi kai, na ƙasa da ke nutsewa tare da giya da farfela kuma an kira shi ƙafa.

Tsohon inji ai dama ba ya rasa ƙara. Yaya zan bambance ƙarar tsufa da ta lalacewa?

Injin da ake gauraya wa mai yana da hayaniya tun yana sabo. A silo, wato yana kunne ba a ba shi wuta ba, yakan yi rawa, ya riƙa tsallake bugu jefi-jefi, yana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma idan aka saka giya ba a ba shi wuta ba akan ji 'yar kacau-kacau daga ƙafa, wadda take ɓacewa da zarar an ƙara wuta. Duk wannan ba ciwo ba ne. Ƙarar da ta cancanci a damu da ita ita ce wadda jiya babu ita yau ga ta, ko wadda take ƙaruwa daga mako zuwa mako, ko kuma wadda ta zo da rakiyar wata alama, kamar raguwar ƙarfi, zafi, girgiza, ko raunin siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta bayan inji.

Wanda ya sayi na hannu yana da wata matsala ta daban, domin bai san muryar injin ta asali ba. Yana da kyau ya naɗi ƙararsa a waya tun ranar da ya saya, a firi, a cikin giya, da kuma lokacin cikakken gudu, ya kuma tsaya ya saurari irinsa mai lafiya a tasha. Kunne yana saurin sabawa da ƙarar da ke ƙaruwa a hankali, shi ya sa sau da yawa fasinja yakan riga matuƙi lura da ita.

Ina tsakiyar ruwa sai na ji ƙarar ta canza. Me zan fara yi?

A rage wuta nan take, a waiwaya a dubi tsartuwar ruwan sanyaya. Idan ta ɗauke ko tana fitowa da tururi, a kashe injin, a ɗaga ƙafar, a duba ko leda, kainuwa ko guntun koma ya toshe ramukan shan ruwa ko ya naɗe farfela. Idan ruwan yana fita daidai, a mayar da giya firi a saurara: ƙarar da ta ɗauke a firi galibi daga ƙafa take, wadda ta ci gaba kuwa galibi daga kai take. Ƙwanƙwasar ƙarfe mai nauyi daga kai ba ta da wani magani a kan ruwa sai kashewa, domin kowane minti da aka ƙara yana iya mayar da gyaran boris ɗaya ya zama sayen silinda da karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin kai.

Amma kashe inji ma yana da wurinsa. Idan jirgi yana cikin igiyar ruwa mai ƙarfi, ko kusa da duwatsu, ko ana iska kuma an yi lodi, ran mutane yana gaba da inji, don haka a lallaɓa da ƙaramar wuta zuwa gaɓa mafi kusa kafin a kashe. Wannan shi ne dalilin da ya sa bai dace jirgi mai tsohon inji ya bar tasha ba tare da filafili, gora, igiya da rigunan kariya ba, kuma shi ya sa dokar hana tafiyar dare da Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, take nanatawa ta fi shafar mai irin wannan inji fiye da kowa.

Bayan na isa gaɓa, ta yaya zan gano ainihin inda ƙarar take fitowa?

Wurare uku ne kawai: kai, ƙafa, ko mahaɗar inji da jikin jirgi. A ganina, rabin asarar da masu jirgi ke yi tana zuwa ne daga barin bakanike ya kwance kai tun ba a tantance wannan ba. A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A cire murfi a tayar da injin, ƙafarsa na cikin ruwa, a dafa murfi, hannun tuƙi da sauran abubuwan da ke motsi ɗaya bayan ɗaya, a ga ko ƙarar za ta ɗauke. Sannan a ɗauki doguwar sukudireba, a ɗora bakinta a jikin silinda, a ƙarƙashin filawil (faifan ƙarfen da ke juyawa a saman kai), da kuma gindin kai, a kara mariƙinta a kunne. Inda ƙarar ta fi kaifi nan ne kusa da ciwon. A kula da hannun riga, rawani da carbi, kada filawil ya fizge su.

Daga nan a kashe, a cire fulogogi duka, a ja igiyar tayarwa a hankali. Inji mai lafiya yana juyawa sumul, wanda boris ɗinsa ya ci kuwa akan ji gurzawa ko wani wuri da yake cijewa. A juya farfela da hannu a firi, ita ma a ji ko tana gurza. Kada a taɓa farfela sai an zare wayoyin fulogi. Abubuwa biyu kuma haramun ne wajen wannan gwaji: tayar da inji a tudu babu ruwa, ko da na ɗan lokaci ne, domin robar famfo takan ƙone cikin ƙasa da minti guda, da kuma zuga wuta har ƙarshe a firi.

Ina jin ƙwanƙwasa mai nauyi daga kai, tana bin saurin inji. Injin ya buga ke nan?

Ba lallai ba ne, amma ita ce ƙarar da ta fi kowace haɗari. Akwai abubuwa huɗu da sukan kawo ta. Na farko, kuma mafi sauƙi, notin filawil ya saki, abin da ake ganewa idan aka kama filawil da hannu biyu aka ji yana motsi. Na biyu, fistin ya sami sarari a cikin silinda saboda tsufa, yana dukan bango; alamarsa ita ce ƙarar ta fi yawa da sanyin safiya, tana raguwa idan inji ya ɗumama, kuma irin wannan inji yakan ci gaba da aiki na wani lokaci idan ba a matsa masa ba. Na uku, boris ɗin kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya ci, wanda ƙararsa ba ta raguwa da ɗumi, sai ma ta ƙaru idan aka ba da wuta ko aka sake ta. Na huɗu, manyan boris na karanshaf, waɗanda ƙararsu ta fi kama da gurnani fiye da ƙwanƙwasa.

Akwai gwajin da ake yi ba tare da kwance komai ba. A cire fulogogi, a juya filawil da hannu har fistin ya kai ƙololuwa ya fara gangarowa kaɗan, sannan a zura siririn itace ta ramin fulogi a danna kan fistin. Idan ya motsa aka ji ƙas, alhali filawil bai motsa ba, to akwai sarari a boris ɗin kwanrod ko na fil ɗin fistin. A yi wa kowace silinda haka. A kuma dubi bakin fulogin da aka cire: idan an same shi a daddage, tazararsa ta rufe, to wani guntun ƙarfe ne, ko na ringi ko na boris, yake yawo a cikin silinda, kuma kada a sake tayar da injin sai an buɗe shi.

Boris ba ya mutuwa haka kawai. Ko dai mai ya yi masa kaɗan, ko ruwa ya shiga ya yi tsatsa, don haka a karanta amsar da ta shafi awon mai da wadda ta shafi injin da ya nutse, in ba haka ba sabon da aka saka ma zai bi sahun tsohon.

Idan na yi lodi na ba da wuta sai in ji ƙal-ƙal mai kaifi, idan na rage sai ta ɗauke. Mene ne wannan?

Wannan alama ce ta cewa fetur yana fashewa a cikin silinda maimakon ya ci da wuta a tsanake. Ƙarar ba ta da girma, ƙugin injin ma yakan rufe ta, amma ita ce take huda kan fistin ta karya ringi. Abubuwan da ke jawo ta su ne gurɓataccen fetur, musamman wanda aka surka da kananzir ko ya daɗe a jarka; ƙarancin fetur saboda kafireta ta toshe ko iska tana shiga ta tiyo; gawayin da ya taru a kan fistin; zafin inji; fulogin da ba lambarsa ba; da kuma lokacin tartsatsi da wani ya taɓa ya gusar da shi gaba. Fulogi zai ba da shaida: mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi, wanda ya yi fari fat ko ya ɗauki ɗigo-ɗigon gorar ruwa kuwa yana nuna fistin ya fara narkewa.

Akwai kuma dalilin da aka fi mantawa da shi, wato farfelar da ta fi ƙarfin injin idan an yi lodi. An ƙera Enduro mai doki 15 da mai 40 ne su yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe wuta duka. Jirgin katako da aka cika da buhunan hatsi, babura da mutane ranar kasuwa ba zai bar inji ya kai wannan juyi ba idan farfelarsa ta gudu ce, sai ya riƙa nishi yana dukan kansa. A jikin farfela akwai lambobi biyu, ta biyun ita ce ke nuna karkatar fukafukanta. Sauka daga inci 13 zuwa 11, alal misali, yana sakar wa inji wuya, domin kowane inci ɗaya yana sauya juyi da kimanin 150 zuwa 200. Mai jirgin kaya ya fi cin riba da farfela mai ƙaramar lamba ko da gudun ya ɗan ragu.

Wane awo na baƙin mai ya dace, kuma yana da alaƙa da ƙara?

Yana da alaƙa ta kai tsaye, domin irin wannan inji ba shi da wani man shafawa sai wanda ya shigo tare da fetur. Awon da aka saba ba wa waɗannan injuna shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita, mililita 200 a lita 10, rabin lita a jarka mai lita 25, sai dai idan takardar da ke manne a jikin injin ta faɗi wani abu dabam. A zuba man a cikin fetur kaɗan a girgiza sosai kafin a cika tanki, kuma a auna da mazubi mai alama, kada a yi da ka. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin fita ruwa ya yi tsada, kuma ana fahimtar abin da ke sa mutum ya tsuke hannu, amma man gauraye shi ne wuri mafi muni da za a yi tsimi a kansa.

Man da ya dace shi ne mai alamar TC-W3, wanda aka yi don injin da ruwa ke sanyaya shi. Baƙin man mota yana barin toka da gawayi, ringi ya maƙale, ƙal-ƙal ɗin da aka bayyana a amsar da ta gabata ta biyo baya. Zuba mai fiye da kima ma ba gata ba ne, hayaƙi da toshewar fulogi da taruwar gawayi yake kawowa. A injunan da ke da kafireta fiye da ɗaya kuma, idan guda ta toshe, silindar da take ciyarwa ta rasa fetur da mai a lokaci guda, alhali sauran suna ci gaba da jan ta a bushe.

Ruwan da ke tsartuwa ya ragu, kuma ina jin wani kuka siriri ko ƙaurin roba. Famfo ne?

Galibi shi ne, amma a fara zura tsinken igiyar kamun kifi mai tauri a ramin tsartuwar, domin yashi yakan toshe shi, kuma injin da aka jingine kwanaki zanzaro yakan yi gini a ciki. Idan an buɗe ramin ruwan bai dawo da ƙarfi ba, to robar famfo mai fukafukai da ke saman giyabos ta gaji. Alamomin zafi su ne muryar inji ta bushe ta yi kaifi, ƙarfi ya ragu, fentin kan silinda ya sauya launi, ruwan da aka yayyafa masa ya yi cuu. Wasu samfuran suna da ƙararrawa ko fitilar gargaɗi, suna kuma rage wa kansu gudu; kada a yanke wayar don a huta da ƙarar.

Ruwanmu yana cin wannan roba fiye da yadda littafin inji ya yi hasashe. A yankin Kainji, farin ruwan da ke zuwa da damina cike yake da laka, ba kamar baƙin ruwan da ke isowa daga saman kogin wajen watan Disamba ba, sannan da rani ƙafar inji tana yawan sharar rairayi a wuraren da ruwa ya janye. Mai aiki kullum ya sauya robar aƙalla sau ɗaya a shekara, ya duba kwanon ƙarfen da take juyawa a ciki, kuma idan an tarar fukafukinta ya gutsure, dole a nemo guntun, domin yakan haura ya toshe hanyar ruwa a cikin kai.

Injin yana tari ko atishawa ta kafireta, wani lokaci har ya yi harbi.

Atishawa a silo yawanci ƙarancin fetur ce: ƙaramar hanyar kafireta ta toshe, ko iska tana shiga ta gasket, ta tiyon da ya tsage, ko ta sil ɗin karanshaf, wato robar da ke hana yoyo. Idan an ja cok kaɗan ko an matsa robar tura mai sai injin ya daidaita, an tabbatar da haka. A duba kuma ko an buɗe ƙaramin noti na shan iska da ke kan murfin tanki, kuma ko akwai ruwa a kofin tace mai. Idan kafireta tana tofo fetur waje, siraran bawul ɗin da ke bayanta ne suka tsage ko suka daina rufewa. Harbi mai ƙarfi, musamman wanda igiyar tayarwa take fizge hannu tare da shi, yana nuna lokacin tartsatsi ya gurɓace, kuma idan hakan ya faru bayan an daki wani abu a ruwa, a duba ɗan makullin da ke riƙe filawil a kan karanshaf, yakan yanke.

Ƙarar tana fitowa ne daga ƙafa, kamar kuka ko gurnani, kuma sai an saka giya. Me zan duba?

Man giya. A tsayar da injin a miƙe, a kwance notin ƙasa sannan na sama, a tari man a kwano mai tsabta. Idan ya fito fari-fari kamar madara, ko ruwa ya riga shi fitowa, to sil ya lalace. Idan ya fito baƙi ƙirin yana ƙauri, ya daɗe ko ya ƙone. Idan ba abin da ya fito sai 'yan ɗigo, an riga an yi ɓarna. Notin ƙasa a yawancin injuna yana da maganaɗisu. Laushin garin ƙarfe a jikinsa ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji ko gutsuren haƙori yana nufin sai an buɗe giyabos. Kuka siriri da ke hawa tare da gudu yakan zama haƙoran giya ne da suka ci ko aka ɗaura su ba daidai ba, gurnani kuwa na boris ne.

Babban mai kashe sil a wurinmu shi ne zaren koma da igiyar mamari da ke naɗewa a bayan farfela, inda ido ba ya gani. A riƙa cire farfela lokaci-lokaci ana warware su, ana shafa giris a sandar. Wajen zuba sabon mai, mai lamba SAE 90 na giya ake so, kuma ta ramin ƙasa ake tura shi har sai ya ɓullo ta na sama, a ɗaure na sama tukuna sannan na ƙasa, da sababbin wasa, wato 'yan zobban da ke ƙarƙashin notocin. A sauya shi duk bayan kimanin awa 100 na aiki.

Ina cikin tafiya sai in ji gau, jirgi ya zabura kamar na daki kututture, alhali ban daki komai ba.

Giya ce take zamewa ta sake kamawa. A cikin giyabos akwai wani ƙarfe mai haƙora da ke zamewa gaba ko baya ya kama giyar gaba ko ta ribas, kuma idan gefen haƙoransa ya goge sai ya riƙa kuɓucewa idan an ba da wuta. Abin da ke goge shi shi ne saka giya a hankali ana jin tana gurzawa karrr, da saka ta alhali silo ya yi sama. Daidai shi ne a rage wuta gaba ɗaya, a tura giyar gaba ɗaya a motsi guda. Kafin a buɗe ƙafa a fara duba sandar sauya giya, domin idan saitinta ya goce ba ta tura ƙarfen har ƙarshe, kuma gyara wannan ba ya buƙatar sayen komai. Idan aka bar matsalar ta daɗe, ita ma giyar gaba za ta lalace, kuɗin ya ninka.

Injin yana ihu, juyi ya hau, amma jirgi ba ya gaba. Kuma tun da na daki kututture yake girgiza.

Ihu ba tare da tafiya ba yana nufin farfela ta daina cizon ruwa. Ko dai tana shan iska saboda an rataye injin ya yi sama, ko lodi ya taru a goshin jirgi ya ɗaga bayansa, ko ciyawa ta naɗe ta, ko kuma robar da ke tsakiyar farfelar ta saki. Faffaɗan farantin da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce milimita 25 ba. Don gwada robar, a ja layi ɗaya da ƙusa daga tsakiyar farfela zuwa jikinta na waje, a yi 'yar tafiya, a sake dubawa. Idan layin ya rabu biyu, robar tana zamewa.

Kututture kuwa tsohon abokin gabar masu jirgi ne a Kainji, inda ruwa ya shanye dazuzzuka bayan kammala madatsar a 1968, haka kuma a tafkin Volta na Ghana wajen Yeji. Bayan duka, a duba fukafukan farfela, domin lanƙwasa kaɗan ta isa ta kawo girgiza. Sannan a kafa tsinke kusa da bakin sandar farfela a juya ta da hannu. Idan tana matsowa tana nisanta, sandar ta lanƙwashe, kuma za ta cinye sil da boris, a koma ga abin da aka faɗa a amsar man giya.

Bakanike ya ce kai da ƙafa lafiya suke, amma kwaramniyar tana nan.

To saura mahaɗa. A duba kusoshin matsewa biyu da ke riƙe inji a bayan jirgi, da katakon da suke cizo, domin katakon da ya ruɓe ba ya riƙe matsi, kuma nan ne inji yake faɗawa ruwa. A kama ƙafar a girgiza ta hagu da dama; idan tana wasa, robobin da ke ɗauke da injin sun mutu, ko wuyan juyawa ya ci saboda rashin giris. Maƙallin murfi, farcen abin tayarwa da ke taɓa filawil, da tanki ko sarƙar da ke bugun katako duk suna yin ƙarar da mutum zai rantse daga cikin inji take. Idan kuma ƙugin ya ƙaru, injin yana shaƙewa da murfi amma yana warwarewa idan an cire shi, hayaƙi ne ke yoyo a ciki ta gasket ɗin gindin kai.

Injina ya taɓa nutsewa, an wanke shi ya tashi, yanzu kuma ya fara gurnani. Akwai alaƙa?

Akwai. Tsatsa tana kama boris da karanshaf cikin sa'o'i kaɗan bayan an fito da inji daga ruwa iska ta taɓa shi, kuma tabon da ta bari ba ya nuna kansa sai bayan an yi kwanaki ana aiki. Abin da ya dace a ranar shi ne a wanke laka da ruwa mai tsabta, a cire fulogogi a zubar da ruwan silinda, a zubar da na kafireta, a ɗura mai a juya da hannu, a tayar da shi a ranar ya yi aiki har ya ɗumama sosai. Idan an ji yashi a ciki, ko ya nutse yana kunne, kada a tilasta masa juyawa, domin kwanrod yakan lanƙwashe. Haka tsatsa take yi wa injin da aka ajiye watanni a wuri mai laima ba a ɗura masa mai ba. Gurnanin da ya riga ya fara ba ya warkewa da ƙarin mai, sai sauya boris.

Nawa injin ba a gauraya masa mai, yana da wurin baƙin mai dabam. Bayanan nan sun shafe ni?

Duk abin da aka faɗa kan ƙafa, farfela, famfon ruwa da mahaɗa ya shafe ka. Bambancin yana kai: irin naka yana da bawul a kan silinda, don haka 'yar ƙas-ƙas mai sauri daga sama takan zama tazarar bawul ce da ke son saiti. A duba ma'aunin mai kafin kowace fita, kuma idan man ya yi fari ko ya ƙaru da kansa yana warin fetur, a tsaya a bincika.

Zan sayi na hannu. Yaya zan kauce wa sayen mai ɓoyayyar ƙara?

A nemi a tayar da shi da sanyi a gabanka. A taɓa kan silinda tukuna, domin injin da aka ɗumama kafin mai saye ya iso yana ɓoye dukan fistin da wahalar tashi. A auna matsin kowace silinda da ma'auni, fulogogi a cire, wuta a buɗe. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne daidaito, kuma bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakanin silinda da 'yar'uwarta alama ce ta ringi, gasket ko bangon da ya karce. Fulogin da ya fito fes kamar an wanke shi yana nuna ruwa na shiga wannan silinda. A kwance notin man giya a gani da ido, a dubi kawunan notocin kai ko sun sha sufana, a lura da sabon fentin da aka shafa a wuri guda.

Gwaji a cikin durom bai wadatar ba, domin zamewar giya da ƙal-ƙal ba sa fitowa sai da nauyi. A ɗaura shi a jirgi, a ɗora kaya gwargwadon aikin da zai yi, a yi tafiyar da za ta ɗumama shi sosai, a saka gaba da ribas sau da dama. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan, a bar masa kayansa.

An tabbatar ciwon a cikin kai yake. In gyara ko in nemi wani, kuma me zan nema daga bakanike?

Idan silinda ba ta tsage ba, ƙafa kuma tana da lafiya, gyaran Enduro yakan biya kuɗinsa, domin ƙirarsa mai sauƙi ce kuma kayansa suna samuwa. Idan kai da ƙafa duka sun lalace, gara a haɗa kuɗin a nemi wani, a ajiye wannan don cire kaya. Wajen gyara, a nemi bakanike ya nuna maka abin da ya lalace ya kuma faɗi abin da ya lalata shi. Wanda ya sauya fistin da ya narke bai wanke kafireta ba, bai duba famfon ruwa da sil ɗin karanshaf ba, rabin aiki ya yi. A sa ya auna silinda kafin a sayi fistin, domin wadda ta buɗe sai an gundure ta an saka mai girman da ya dace. Boris, ringi da robar famfo su ne kayan da jabunsu ya fi yawa a kasuwa, kuma su ne bai kamata a bi araha a kansu ba.

Bayan an ɗaura, injin yana buƙatar reno irin na sabo. A cikin awa 10 na farko a ninka man gauraye ya zama kashi 25 da 1, wato lita guda a jarka mai lita 25, a bar shi ya ɗumama a silo kafin a tashi, a riƙa sauya gudu maimakon tsayawa a wuri ɗaya, kada a riƙe cikakkiyar wuta na dogon lokaci, kuma kada a yi masa lodin ranar kasuwa. Idan awannin sun cika, a koma kashi 50 da 1, a sake duba ɗaurin notocin kai da na filawil, a cire fulogogi a ga launinsu, sannan a naɗi sabuwar muryarsa a waya don kwatantawa nan gaba.